Jinyar ƙanenki ta fi ƙarfin mutum ɗaya

TAMBAYA

Salamu alaikum Gwaggo. Daga Gadarif ta ƙasar Sudan nake rubuto miki. Ƙanena yana da larurar ƙwaƙwalwa tun kafin yaƙi. A Umdurman ake ba shi magani, har ya samu sauƙi yana fita kasuwa. Da yaƙi ya tashi muka gudu Wad Madani, daga can kuma muka sake gudowa nan. Katin asibitinsa ya ɓace a hanya, magani ya ƙare, muka ce tunda ya warware a bar shi haka. To yanzu ciwon ya dawo. Ba ya barci, yana magana da waɗanda ba ma gani, yana cewa ana sa masa guba a abinci, ba ya karɓar komai sai daga hannuna. Kwanakin baya ya fice cikin dare, sai da asuba aka tsince shi a bakin kasuwa. Tun daga nan ni ke kwana a bakin ƙofa. Innarmu ta tsufa, ga hawan jini. Yayanmu yana Jidda, yakan turo kuɗi jefi-jefi, amma kullum faɗa yake a waya, wai sakaci muke yi. Kawunmu ya ce a sa masa mari a kai shi masidin wani shehi, wato tsangayarsa inda ake karatu da tofi. Maigidana ya yi haƙuri, amma na ga ya soma gajiya, yarana uku kuma tsoron kawun nasu suke ji. Abin da ya fi damuna, Gwaggo, ranar nan na daka masa tsawa har na ture shi, kuma akwai daren da zuciyata ta raya mini da ma Allah ya ɗauke shi kowa ya huta. Tun ranar nake kuka. Ni muguwa ce? In bari a ɗaure shi? Na rasa inda zan sa kaina.

'Yarki a Gadarif

AMSA

Wa alaikumus salam 'yata. Sannu da ɗawainiya. Allah ya ba ki ladan zumunci, ya ba ƙanenki lafiya.

Ke ba muguwa ba ce. Muguwa ba ta shimfiɗa tabarma a bakin ƙofa ta kwana tana gadin ɗan'uwanta. Tunanin nan da ya zo miki cikin dare, masu jinya da yawa sun san shi, faɗa ne kawai ba sa iya yi. Rashin barci da tsoro ke haifar da shi. Ya tabbata a hadisi cewa Allah ya yafe wa al'ummar Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, abin da zukatansu suka raya, matuƙar ba su aikata ba ko su furta shi. Ki share hawayenki a kan wannan. Turewar da kika yi masa kuwa, ba zan ce miki ba komai ba ce. Idan ya natsu ki ba shi haƙuri, kalma biyu ta isa. Sai dai ki gane abin da take nuna miki: kin kai inda jikinki ya daina ɗauka. Idan aka ci gaba da jinyar nan yadda ake yinta, za a sake, kuma wata rana shi ne zai rama, da ƙarfin saurayi.

Na karanta wasiƙarki na ga gida cike da mutane, amma mai jinya ɗaya. Yaya yana da bakin faɗa, kawu yana da shawara, dare kuwa naki ne ke kaɗai. Wannan shi ne abin da za a gyara, kuma kusan duk abin da zan faɗa miki a kansa ya rataya.

A fara da magani, domin sai ya samu barci kowa zai samu. Ba zan iya sa wa ciwonsa suna daga nan ba, aikin likita ne. Amma jin muryoyi, da zargin guba, da sauƙin da ya samu yana kan magani, da dawowar ciwon bayan an daina, duk sun yi kama da larurar da likitoci ke kira sikizofiriniya ko wata 'yar'uwarta. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan mutum ɗaya cikin 300 ke ɗauke da ita. Halinta ke nan: magani na kwantar da ita, idan aka bari sai ta taso, galibi cikin shekara ɗaya zuwa biyu. Kada yayanku ya ɗora muku laifin da ba naku ba. Wanda ya bar Umdurman bayan tashin yaƙi ranar 15 ga Afrilun 2023, ya sake barin Wad Madani a Disamban shekarar, ransa yake ceto, ba katin asibiti ba. Asibitocin da aka saba zuwa ma yaƙin ya tarwatsa aikinsu.

Ɓatan kati ba ya hana a sake farawa. Ki duba cikin kaya ko akwai tsohon kwali ko ledar ƙwaya, ki duba wayoyinku ko an taɓa ɗaukar hoton takardar likita an tura wa yaya. Ko ba ki samu komai ba, ki tuna kamannin ƙwayar, da lokacin da yake sha, da yadda take sa shi, ko barci, ko ƙiba, ko rawar hannu. Ba dole ba ne ki ja shi a zuwan farko. Ki je babban asibitin gari ke da wani namiji na gidan, ki tambayi inda ake ganin masu larurar ƙwaƙwalwa, ki ba da labari tun daga tushe. Idan ba a samu likitan fannin ba, kada ki juyo. Tun 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito da tsarin da ke koya wa likitan gama-gari da mataimakin likita yadda za su kula da irin wannan ciwo, saboda wuraren da ƙwararru suka yi ƙaranci. Magungunan kuma tsofaffi ne sanannu, irin su haloperidol da risperidone da olanzapine. Ki tambayi likita musamman game da allurar da ake yi duk bayan mako biyu zuwa huɗu. Ga gidan da ke zaman gudun hijira, ga marar lafiya mai zargin abin da aka miƙo masa, allurar nan tana raba ki da rigimar kowace safiya.

Kada ku sayi maganin da ka a kanti don wani ya ce shi ɗansa yake sha. Irin waɗannan magunguna kan sa jiki ya sanƙare, hannu ya yi rawa, miyau ya zuba, ko mutum ya kasa zama wuri ɗaya. Duk akwai gyaransu a wurin likita, amma su ne ke sa marasa lafiya da yawa su ƙi sha, dangi kuma su ce maganin asibiti ya lalata yaro. Idan kika ga zazzaɓi mai zafi tare da sanƙarewa da ruɗewa, wannan na gaggawa ne, a tafi asibiti a lokacin. Ki riƙa tura masa ruwa kusa, zafin Gadarif ba ya wasa da mai shan waɗannan ƙwayoyi.

Yanzu maganar mari. A'a, kada ki yarda. Na san kawunku ba mugunta yake nufi ba, tsoro yake ji kada yaron ya ɓace ko ya ji wa wani rauni, kuma abin da ya tashi ya ga ana yi ke nan. Ba mu kaɗai ba ne ma: a 2020 ƙungiyar Human Rights Watch ta samu ana ɗaure masu wannan larura a ƙasashe 60. Amma ki dubi abin ta idon ƙanenki. Mutumin da ya riga ya yi imani ana ƙulla masa sharri, sai ga danginsa sun taru sun danne shi sun sa masa ƙarfe a ƙafa. Kun gaskata masa abin da muryoyin ke faɗa. Ƙarfen zai ci fata, gyambo ya fito, ƙafa ta shanye saboda rashin motsi, kuma yardar nan guda ɗaya da ta rage masa a duniya, wadda ta sa yake karɓar abinci daga hannunki, ita ma ta tafi. Da ita za a kai shi asibiti, da ita za a ba shi magani. Asararta ta fi asarar ƙofar da zai iya ɓallawa.

Ban ce a bar addu'a ba, kuma kada ki shiga gardamar aljani ne ko ba aljani ba da kawunki, ba za ki ci ba, ba kuma ki da buƙatar ci. Asibitin masu larurar ƙwaƙwalwa na Umdurman sunan Tijani al-Mahi yake ɗauke da shi, likitan fannin na farko a Sudan, wanda ya rasu a 1970. Mutumin nan ya yi karatunsa har Ingila, amma da ya dawo bai raina shehunan masidi ba. Ya zauna da su, ya nemi su yi aiki tare, don ya san wurinsu mutane ke fara zuwa. A Najeriya ma Dakta Lambo ya yi makamancin haka a Aro kusa da Abeokuta tun 1954, inda marar lafiya ke zama a ƙauye tare da wani ɗan'uwansa yana karɓar magani. Ki gaya wa kawu haka: a yi tofi, a yi ruƙiyya, a sha rubutu, malam ya zo gida ko a je a dawo. Sharaɗin dai huɗu ne, ba duka, ba mari, ba horon yunwa, ba kuma cewa a ajiye maganin asibiti. Malamin da ya ƙi waɗannan, ba shi za a ba amanar yaron ba. Annabi ya ce Allah bai saukar da cuta ba face ya saukar da maganinta, ya kuma ce an ɗauke alƙalami daga wanda hankalinsa ya gushe har ya dawo. Wanda Allah bai rubuta wa laifi ba, da wace hujja za mu hore shi?

To, ga aikin da ya fi wuya, kuma ke za ki fara shi. Ki sa Inna ta kira taro, domin kiranta ya fi naki nauyi. Kawu ya zo, maigidanki ya zauna, duk wani namiji baligi na dangi da ke garin ya zo, a kira yaya a waya a buɗe murya. Kada ki ce musu "ku taimaka mini". Wannan maganar kowa zai amsa da "in sha Allah", a watse, dare ya yi ki koma bakin ƙofa. Ki zo da ayyukan a ƙirge, kowanne a ɗora shi a kan sunan mutum da rana. Wa zai kwana da shi daren Asabar, wa zai kwana Lahadi? Wa zai raka shi asibiti ranar allura? Wa zai kai shi aski, ya tsaya masa ya yi wanka? Waɗannan ayyukan maza ne tun asali, kunya ce ma a bar wa mace su. Ki faɗa musu a fili cewa kin ture shi, kuma kina tsoron abin da zai biyo baya. Na san da nauyi a baki, amma mutane ba sa motsawa sai sun ga katangar da suke jingina da ita ta soma tsagewa.

Yayanku na Jidda, faɗansa rabinsa damuwa ce ta wanda yake nesa ba ya iya komai. A ba shi abin yi. Maimakon kuɗin jefi-jefi, ya ɗauki kuɗin magani da na mota zuwa asibiti, adadi sananne, a rana sananniya kowane wata, ya turo ta manhajar banki ta Bankak. Kaɗan mai zuwa a kan lokaci ya fi mai yawa da ba a san ranarsa ba, saboda yankewar magani ita ce ta kawo ku nan. Ya kuma riƙa kiran ƙanen nasa kansa sau ɗaya a mako, hira kawai, ba nasiha ba. Idan ya soma maganar sakaci, ki ce, "Yaya, ga lambar wanda ya kwana da shi jiya, ka tambaye shi." Idan abin da yaya zai iya bai kai ba, a kai takardar likita Diwanin Zakka, a kuma sanar da limamin unguwa. Neman wannan ba bara ba ne.

Maigidanki ya cancanci zama na daban, ku biyu. Namijin da ya buɗe gidansa ga surukarsa da ƙanen matarsa marar lafiya a wannan zamani ya yi abin a yaba, ki faɗa masa haka da bakinki. Sannan ki tambaye shi abin da ya fi takura masa. Wataƙila ba abin da kike zato ba ne. Yara kuma a gaya musu gaskiya daidai hankalinsu: kawu ba shi da lafiya a kansa, ana nema masa magani, ba ya ƙin su. Kada a bar su su kaɗai da shi a kwanakin da ciwon ya motsa, kada kuma a bar yaran unguwa su bi shi da tsokana.

Akwai abin da ya fi tayar mini da hankali a wasiƙarki, fitar daren nan. A lokacin zaman lafiya, wanda ya ga saurayi yana surutai a bakin kasuwa da asuba zai gane marar lafiya ne. A lokacin yaƙi, saurayin da aka tare a shingen bincike cikin dare, ba takarda, amsarsa ba ta haɗuwa, ana iya ɗaukarsa a wani abu daban. Tun yau ki rubuta takarda da Larabci: sunansa, cewa yana da larura, unguwarku, da lambobin waya biyu. A naɗe ta a leda a ɗinke a aljihun jallabiyarsa, kowace riga da tata. Ranar da kuka ga likita ki roƙi takarda mai hatimi, ki yi kwafi. Ki sanar da maƙwabta biyu ko uku da kika amince da su, da mai shayin bakin layi, su san shi, su san wa za su kira. Ɓoye ciwon don gudun surutu yana iya jawo abin da ya fi surutu muni. Haka kuma ki kawar da wuƙaƙe da igiya, da maganin Inna na hawan jini, musamman kuma maganin ƙwari. Gadarif garin noman riɗi da dawa ne, galan ɗin feshi ba ya wuyar samu a gida. Idan kika ji yana maganar mutuwa, ki tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa, ko muryoyin na umartarsa da wani abu. Tambayar ba ta sa wa mutum tunanin, hanya take buɗewa. Idan ya ce e, ranar za a kai shi asibiti, kada a bar shi shi kaɗai. A sa ido kuma kan abokai, domin wiwi, wadda ake kira bango a nan, da ƙwayoyin maye suna rura wannan ciwo.

Game da zama da shi, kada ki yi musu da abin da yake ji, kada kuma ki ce kin ji. Ki ce, "Ni ban ji ba, amma na ga abin ya tsorata ka, ina nan." Magana gajera, murya ƙasa, mutum ɗaya a lokaci guda. Idan ya harzuƙa a ba shi fili, kada a tsaya tsakaninsa da ƙofa, kada a taru a kansa. Wannan ba lallashi ne kawai ba. Binciken da aka yi a Landan, wanda Vaughn da Leff suka wallafa a 1976, ya nuna cewa cikin wata tara, kusan rabin marasa lafiyar da suka koma gidajen da ake yawan kushe su ko ake shaƙe su da kulawa ciwonsu ya dawo, a gidajen da ake da sanyin hali kuwa kashi 13 cikin ɗari ne kawai. Ki lura, har da shaƙewa da kulawa. Tsayuwar da kike yi a kansa dare da rana ba ke kaɗai take gajiyarwa ba.

Abincin ma a hankali za a faɗaɗa. Ki zuba a kwano ɗaya ku ci tare da Inna, gobe Inna ta miƙa kina zaune, jibi kawu ya sa hannu. Dafaffen ƙwai da ɓawonsa, ayaba, duk abin da zai ɓare da kansa, yana rage zargi. Roƙona ɗaya, kada ki ɓoye masa magani a cikin abinci da shawarar kanki. Ranar da ya ɗanɗana ɗaci, zargin gubar ya zama gaskiya a wurinsa, kuma hannunki ne ya yi.

Sai ke. Lokacin da Salmanul Farisi ya ga Abud Darda'i ya hana kansa barci da abinci, ya ce masa Ubangijinka yana da haƙƙi a kanka, kanka yana da haƙƙi a kanka, iyalinka suna da haƙƙi a kanka, Annabi kuma ya ce Salmanu ya yi gaskiya. A darare da aka ba wani, ki shiga ɗaki ki rufe ki yi barci, ko kin ji motsi kada ki fito sai an kira ki. Za su yi kuskure, ba za su iya kamar ke ba, ki bar su su koya. Ki ware yini ɗaya a mako ki fita, ki je gidan ƙawa, ki zauna a sha jabana, gahawar nan tamu, ki je suna ko biki ba tare da jin kin yi laifi ba. A layin asibiti za ki tarar da mata irinki, uwaye da yayye da matan aure. Ki yi musu magana, ku karɓi lambar juna. Su ne za su gaya miki kantin da magani ya iso, kuma su ne kaɗai za ki faɗa wa tunanin daren nan su gyaɗa kai ba tare da sun zaro ido ba. Ke ma kin yi gudu sau biyu, kin bar gida da kaya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan mutum ɗaya cikin biyar a wuraren da yaƙi ya shafa na fama da wata larurar ƙwaƙwalwa, yawanci baƙin ciki mai nauyi ko fargaba. Idan kukan nan ya wuce mako biyu, abinci ya fita ranki, barci ya ƙi zuwa ko da an ba ki dama, ki gaya wa likitan da ke ganin ƙanenki cewa ke ma kina son a duba ki.

Idan aka koma kan magani, barci ne zai fara dawowa, cikin 'yan kwanaki. Muryoyi da zargi sukan ɗauki makonni kafin su lafa, wani lokaci wata guda ko fiye, don haka kada a yanke ƙauna a mako na biyu. Bayan nan zai iya yin sanyi, ya yawaita kwanciya, ya ƙi hira. Ba lalaci ba ne, a ba shi ƙaramin aiki, ɗebo ruwa ko rakiyar kawu masallaci, a ƙara a hankali. Za a samu mai cewa a yi masa aure zai warke. Aure ba magani ba ne, a bari ya tsaya da ƙafarsa, kuma a gaya wa gidan yarinyar gaskiya. Za a kuma samu mai cewa tunda ya warware a daina sha. Wannan karon ki ce likita ne kaɗai zai rage ko ya tsayar, kuma duk inda tafiya ta sake kama ku, ko komawa Madani ko Umdurman, a tafi da maganin wata guda a hannu da hoton takardarsa a wayoyi uku.

Ki gaishe mini da Inna, a riƙa auna mata jini ita ma. Ki sake rubuto mini bayan taron, in ji wanda ya ɗauki wane dare.

Gwaggonki